Dokokin Shigo da Naman Alade da Kayan Dabbobi Najeriya

Naman alade yana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su daga waje, tare da naman shanu da daskararrun kaji. A Bauchi da Gombe mutane da dama na ɗauka addini ne ya kawo haramcin. Ba haka ba ne: dokar ta tarayya ce, manufarta kuwa tare cututtuka da kare masu kiwo na gida. Ai kiwon alade bai saɓa wa dokar tarayya ba, ana ma yin sa a Billiri da Kaltungo da Bogoro.

Babban abin tsoro shi ne zazzaɓin aladu na Afirka. Ba ya kama mutum, amma idan ya shiga garke sai ya kusan share shi. Ƙwayar cutar na da taurin rai, takan yi watanni a cikin busasshen nama ko daskararre, don haka guntun nama a jakar matafiyi ya isa, muddin ragowarsa ta faɗa kwanon abincin aladu. Cutar ta ɓarke a Najeriya a 1997, ta kuma yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020.

Sauran kaya, irin su fata da ƙiraga da ƙashi da ƙaho, Dokar Yaƙi da Cututtukan Dabbobi ta 2022 ce ke tafiyar da su, wadda ta maye gurbin ta 1988. Mai shigowa sai ya riƙe takardar izini daga hukumomin likitancin dabbobi na tarayya da shaidar lafiya daga ƙasar da kayan suka fito. Jami'an NAQS, hukumar da ke killace dabbobi da kayan gona, ke dubawa a tashoshin ruwa da filayen jiragen sama da kan iyaka, suna da ikon tsare kaya ko lalata su. Abincin gwangwani kuwa sai da rajistar NAFDAC.

Bauchi da Gombe ba su da iyaka da wata ƙasa, amma hakan bai raba su da matsalar ba. Shanu da fatu daga Kamaru da Cadi da Nijar kan ratso Adamawa da Borno da Yobe su sauka a kara, galibi ba takarda, sai shaidar dillali. A Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda bayan ɓullar ciwon saifa (anthrax), cutar dabbobi mai kama mutum, a arewacin Ghana. Wata guda bayan nan aka tabbatar da cutar a wata gona a Suleja.