Tambayoyi kan horar da matasa masu sharhin teyatur a Yamai

Sai an yi makarantar aikin jarida kafin a fara sharhin wasan kwaikwayo?

Ba dole ba ne. Makarantar aikin jarida ta ESSCOM (wadda a da ake kira IFTIC) da ke Yamai tana koyar da tsara labari da yin hira, kuma wannan tushe ne mai kyau. Amma idon kallon wasa a gaban dandali ake samunsa. Matashi ya riƙa zuwa cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, har da ranakun da 'yan wasa ke gwaji.

Me babban da ke horar da matashin zai fara koya masa?

Ya faɗi abin da ya gani kafin ya yanke hukunci. Sabon hannu zai kawo maka takarda cike da "wasa ya yi armashi, jama'a sun yi tafi". To, sai ka tsare shi da tambaya: a ina aka fashe da dariya? Da ɗan wasan ya juya baya yana magana, na kujerun ƙarshe sun ji shi? Fitilar da ta mutu a tsakiyar wasa, da gangan ne ko wuta aka ɗauke? Mai horarwa na ƙwarai ba ya ƙwace alƙalami ya sake rubutun da kansa. Layi zai ja a ƙarƙashin jimlar, ya mayar wa yaron kayansa.

Ga kuma wani abu. Teyatur ɗin Hausa irin wanda ɗan wasan Nijar Yazi Dogo ya yi suna da shi bai cika tafiya da rubutacciyar magana ba, 'yan wasa kan ƙago zancensu nan take. Shi ya sa ake so mai sharhi ya kalli wasa sau biyu, don na daren jiya ba lalle ya zama na yau ba.

Yaya zai soki wanda zai haɗu da shi gobe a fada wurin shayi?

Nan ne wuyar take, 'yan wasan garin kowa ya san kowa. Ya tsaya kan aikin, ya bar mutumin, kuma kowace suka ta zo da hujja daga dandali. Ambulan ɗin "kuɗin mota" kuwa, a ganina gara tun farko babba ya gaya masa kada ya karɓa.

A ina zai fitar da sharhin?

Jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche da Faransanci suke fitowa. Mai yi da Hausa ya nufi gidajen rediyo, ko ya fara da shafinsa na Facebook, amma babban nasa ya duba kafin ya saki.