Gwaninta

Gwaninta ita ce iya aiki da hannu ko da baki har a fi tsara, a kuma shaida hakan a idon jama'a. Mai ita gwani ne, mace gwana, jam'i gwanaye, aikatau kuwa gwanance: "Ta gwanance da kitso." Ana haɗa kalmar da sunan aikin kai tsaye, kamar gwanin ɗinki, gwanin tuƙi, gwanar girki.

Gwaninta ta fi iyawa nisa. Yaron tela da ya iya haɗa riga ya iya ɗinki, amma sai ya yanka shadda ba tare da ɓarnar yadi ba, wuya ya zauna daidai, hannu bai karkace ba, sannan a kira shi gwani. Ƙwarewa kuma ta fi yawo a harshen ofis da jarida, inda ake cewa ƙwararren likita ko ƙwararrun injiniyoyi, sau da yawa da nufin horo da takarda. Gogewa tana nufin daɗewa a cikin aiki, kuma mutum na iya daɗewa bai gwanance ba.

A tsangaya kalmar gwani muƙami ce, ba yabo kawai ba. Almajiri yana tashi daga kolo zuwa titibiri, gardi, malam, alaramma, sannan gwani. Gwani ya haddace hizbi 60, yana rubuta Alƙur'ani da ka ba ya duba mushafi, ya kuma san harji, wato sau nawa kalma ta zo, a wace sura, da wane wasali. A Barno ana ce masa goni. Wasu tsangayu suna ɗora muƙamin gangaran a samansa.

Akwai amfani da ya bar ma'anar sana'a gaba ɗaya. A "gwanin daɗi", "gwanin kyau" da "gwanin ban tausayi", kalmar tana ƙarfafa magana ne kawai, kuma ba ta canza jinsi: "yarinya gwanin ban sha'awa". Mai goyon bayan ɗan dambe ko ɗan takara yana ce masa "gwanina".

Ba kullum yabo ba ce. "Gwanin ƙarya" zargi ne, "neman gwaninta" kuwa ana faɗarsa ga wanda ya sa hannu a aikin da ba a sa shi ba don a yaba masa, kamar yaron makanike da ya kwance injin kafin maigidansa ya iso.