Ɗorewar labari da halaye a shirin The Simpsons

The Simpsons shirin barkwanci ne na zane mai motsi, wato katun, wanda Matt Groening ya ƙirƙiro a Amurka. Labarin iyalin Simpson ne a garin Springfield: Homer da matarsa Marge da 'ya'yansu Bart, Lisa da Maggie. Ya soma fitowa a gajerun yanka cikin shirin Tracey Ullman a 1987, sannan tashar Fox ta fara nuna shi da gashin kansa ranar 17 ga Disamba, 1989. A 2018 ya wuce kashi 635 da Gunsmoke, wani daɗaɗɗen shirin talabijin na Amurka, ya yi. Wannan tsawon rai shi ya jawo wa marubutansa wata matsala da ta daɗe ana muhawara a kanta: yaya labarin jiya zai yarda da na yau, alhali mutanen cikinsa ba sa tsufa?

Shekarun da ba sa tafiya

Tun farkon shirin Bart yana da shekara 10, Lisa tana da 8, Maggie kuwa jinjira ce da abin tsotso a baki. Shekarun Homer kan yi yawo tsakanin 36 zuwa 40, gwargwadon kashin da aka duba. Duniyar da ke kewaye da su ce kaɗai ke tafiya da zamani. Da aka sabunta mabuɗin shirin a 2009, tsohon akwatin talabijin mai eriya da ke falonsu ya koma shafaffe na jikin bango, amma yaran da ke zaune gabansa suna nan yadda suke.

Wahalar ta fi fitowa a tarihin iyalin. Wani kashi na 1991 ya nuna Homer da Marge sun haɗu a makarantar sakandare a 1974. Wani kuma ya sa aurensu a wajen 1980, Marge na ɗauke da cikin Bart, sannan aka haɗa haihuwar Lisa da wasannin Olamfik na Los Angeles na 1984. Waɗannan kashi-kashi an gina su da kulawa ƙwarai, kuma lissafinsu ya yi daidai a lokacin da aka yi su. Shekaru na ta shuɗewa, lissafin ya wargaje. A 2008 sai ga wani kashi ya mayar da samartakar ma'auratan cikin shekarun 1990, abin da ya ɓata wa tsofaffin 'yan kallo rai matuƙa. A 2021 aka sake matsowa, Homer ya fito yana ɗan saurayi a waɗannan shekarun. Haka batun kakan yaran, Abe, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, da shugaban makaranta Skinner, wanda ya yi yaƙin Biyetnam: kowace shekara yana ƙara wuyar karɓuwa.

Batun Skinner

Kashin da aka fi ambata shi ne na 1997, a zango na 9, wanda Ken Keeler ya rubuta. A ciki aka bayyana cewa Skinner ɗin da aka sani sojan gona ne mai suna Armin Tamzarian, wanda ya ɗauki sunan wani sajan da aka zaci ya mutu a yaƙi. Da Skinner na gaskiya ya dawo, mutanen garin Springfield suka gaji da shi, suka ɗaure shi a jirgin ƙasa suka kore shi, alƙali kuma ya yanke hukunci kada kowa ya sake ta da maganar. Harry Shearer, mai yin muryar Skinner, ya soki labarin a fili, yana ganin an zubar da abin da aka shafe shekaru ana ginawa. Groening ma daga baya ya nuna bai ji daɗinsa ba. Bayan haka ba a koma wa batun ba sai ambato jefi-jefi.

Abin da ya ɗore

Yawanci kowane kashi kan ƙare komai ya koma mazauninsa: Homer ya bar aiki, mako mai zuwa ga shi ya koma tashar nukiliyar da yake aiki. Sauye-sauyen da suka zauna daram kuwa, da yawansu daga wajen ɗakin rubutu suka zo. A 1995 Lisa ta daina cin nama, kuma mawaƙi Paul McCartney, wanda ya fito a kashin tare da matarsa Linda, ya gindaya sharaɗin kada a mayar da ita ga cin nama. An cika alƙawarin har yau. Bayan kashe Phil Hartman, mai yin muryar Troy McClure da lauya Lionel Hutz, a 1998, aka ajiye su biyun daga shirin, ba a nemi wani ya gaji muryarsu ba. A 2000 marubuta suka kashe Maude, matar Ned Flanders maƙwabcin Homer, a cikin labarin, bayan Maggie Roswell mai yin muryarta ta bar shirin kan saɓanin albashi. Roswell ta dawo daga baya, Maude kuwa ba ta tashi ba.

Mafi taɓa zuciya shi ne na malama Edna Krabappel. Da Marcia Wallace, mai yin muryarta, ta rasu a Oktoba 2013, Bart, wanda a mabuɗin shirin ya saba cika allon aji da jimla ɗaya ana maimaitawa a matsayin horo, ya rubuta layi guda tak na bankwana da malamarsa, ya tsaya yana kallonsa. Edna a lokacin matar Ned ce, don haka ya rasa mata karo na biyu.

Akwai kuma waɗanda marubuta suka zaɓa da kansu: auren Apu mai kanti a 1997 da 'ya'yansa takwas a 1999, da shigar Lisa addinin Buddha a 2001. Barney, abokin Homer mashayi, ya daina shan giya a 2000, daga baya ya koma ruwa.

Sauyin hali

Ned Flanders ya faro a matsayin maƙwabci mai kirki da zuwa coci, wanda Homer ke yi wa hassada. A hankali tsananin addini ya rinjayi sauran halayensa, har masu sharhi suka ƙirƙiro kalmar Flanderization daga sunansa, suna nufin yadda hali guda ke kumbura ya cinye mutum. Irin wannan koke an yi shi kan Homer tun ƙarshen shekarun 1990, cewa wautarsa ta rikiɗe ta zama mugunta.

Abin da ba a lissafawa

Labaran ban tsoro na bikin Halowin, waɗanda ake yi kowace shekara tun 1990, ba sa cikin tarihin iyalin.

Saɓani

'Yan kallo sun rabu: wasu na riƙe da tarihin zangunan farko, wasu na ganin kowane kashi da ƙafarsa yake tsaye. An soki yadda aka zana Apu a matsayin Ba'indiye, kuma a 2020 Hank Azaria ya daina yin muryarsa.