Mene ne "biloma" da ake rubutawa a takardar sikanin bayan cire matsarmama?

Aikin cire matsarmama na huda, wato wanda ba a farke ciki sai dai a yi ƴan ƙofofi uku ko huɗu a zura kyamara, yawanci kwana ɗaya biyu an sallami mutum. To amma wani bayan ƴan kwanaki sai ciki ya ɗau ciwo ta ɓangaren dama, ga zazzaɓi ga tashin zuciya, wani har ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, a koma asibiti a yi hoto a ga an rubuta biloma, shi ke nan hankalin ƴan uwa ya tashi.

Ba ƙari ba ne, ba kuma kansa ba ce, duk da sunan ya yi kama da nasu. Ruwan ɗaci ne ya tsiyayo ya taru wuri guda a cikin ciki. Ai hanta ce ke yin ɗacin, matsarmama ma'ajiya ce kawai, don haka ko an cire ta ruwan bai daina gudu ba, in ya samu kafa sai ya bi. Kafar kuwa galibi bakin bututun matsarmamar da aka datse da ƴan ƙarafa ne, ko wasu siraran hanyoyi a jikin hanta daidai inda matsarmamar take manne. Wanda likitoci suka fi tsoro shi ne a ce babban bututun da ke kai ɗaci hanji aka ji wa ciwo.

Inda mutane ke rikicewa shi ne hoton. Sikanin ɗin da ake shafa mai a goga, da shi ake farawa, zai nuna akwai ruwa amma ba zai rantse maka ɗaci ne ko jini ko mugunya ba. CT ya fi shi nuna girman ruwan da inda ya kwanta, shi ma dai bai raba gardama. Kuma fa ɗan ruwa kaɗan a gurbin matsarmamar da iska kaɗan a kwanakin farko ba komai ba ne, da iskar gas ake hura cikin lokacin aiki, ita ce ma ke sa ciwon kafaɗa.

Mai tabbatar da yoyo shi ne HIDA, a yi allurar wani sinadari a jijiya, hanta ta fitar da shi tare da ɗaci, kyamara na bin sawunsa har a ga inda ya ɓalle. MRCP kuma, wani nau'in MRI ne, shi ke zana bututun gaba ɗaya a ga ko an yanke ne ko tsakuwa ce ta maƙale.

In an gano, ba lallai a sake buɗe ciki ba. Sau da yawa siririyar roba ake sokawa ta fata, ana kallon sikanin, a zuƙe ruwan, sannan a yi ERCP, a bi ta baki da kyamara a sa wani ɗan bututu ɗacin ya riƙa wucewa hanji kai tsaye har kafar ta toshe da kanta.