Karatun Sarrafa Bayanan Lafiya a Jami'a

Sarrafa bayanan lafiya fanni ne da ke koyar da yadda ake tattara bayanan majiyyata, a tsara su, a adana su, sannan a fitar da alƙaluma daga cikinsu. A asibitocinmu waɗanda suka karanta shi su ne jama'a ke kira masu ba da kati, alhali yankar kati ƙaramin ɓangare ne na aikinsu.

Sana'ar ta kafu ne a Amurka a 1928, lokacin da ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙasar ta assasa ƙungiyar masu kula da takardun asibiti, Grace Whiting Myers ta zama shugabarta ta farko. Ƙungiyar ce ake kira AHIMA a yau, wato ƙungiyar masu sarrafa bayanan lafiya ta Amurka. A Najeriya an daɗe ana koyar da fannin a makarantun da ke ƙarƙashin asibitocin koyarwa, irin na Ibadan da Zariya da Kano, inda ake ba da ƙaramar difloma da babba, kafin wasu jami'o'i su buɗe shi a matakin digiri. Ko ta wace hanya mutum ya bi, sai ya yi rajista da HRORBN, hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya ta Najeriya, wadda dokar soja mai lamba 39 ta 1989 ta kafa, kafin ya yi aiki bisa ƙa'ida.

Ɗalibi yana karanta sassan jikin ɗan Adam da aikinsu, kalmomin likitanci, ƙididdiga, kwamfuta da dokokin lafiya, kuma yakan yi zaman koyon aiki a asibiti. Amma ƙashin bayan karatun shi ne sanya wa cututtuka lamba bisa ICD, kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bugu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, sai dai har yanzu na 10 ne a hannun asibitoci da yawa.

Ga yadda abin yake. An sallami yaro daga ɗakin yara, fayil ɗinsa ya dawo sashen adana bayanai. Jami'i zai bi rubutun likita da sakamakon gwajin jini shafi bayan shafi. Idan gwaji ya tabbatar da zazzaɓin cizon sauro nau'in falsifarum, lambarsa a bugu na 10 ita ce B50. Idan likita bai fayyace nau'in ba, sai B54. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma irin waɗannan lambobi ne ake haɗawa a gane cutar da ta fi kwantar da mutane, da maganin da ya kamata a sayo. Rahoton wata-wata na asibitoci kuma yana shiga manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, daga ƙaramar hukuma har Abuja. Shi ya sa raina wannan sashe, ko damƙa shi ga wanda bai karanta fannin ba, kuskure ne mai tsada ga majiyyata.

Ana kuma horar da ɗalibi kan riƙon sirri. Fayil ɗin mai ɗauke da cutar ƙanjamau ko mai lalurar taɓin hankali amana ce, ko da mai neman leƙawa ɗan uwansa ne na jini. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana irin wannan bayani sai da yardar majiyyaci a rubuce, ko umarnin kotu ko na wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyi idan majiyyaci yaro ne ko ba zai iya ba da yarda da kansa ba, ko inda ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari.

Waɗanda suka kammala kan sami aiki a asibitoci, ma'aikatun lafiya, hukumomin inshorar lafiya da cibiyoyin bincike.