Fanka ba ta sanyaya ajin da babu kowa a ciki

Tun muna yara muke jin ana cewa, "Bar fankar ta yi ta juyawa, kafin a dawo ɗakin ya yi sanyi." Har a azuzuwan jami'a a nan Damagaram, ɗalibai kan fita cin abinci su bar fankoki na ta kaɗawa a kan kujeru. Wanda ya san zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ba zai zarge su ba.

Amma fanka ba ta rage zafin iska, motsa ta kawai take yi. Iskar ce ke busar da gumin jikinka, sai ka ji sanyi. In babu jiki babu gumi, aikin banza take yi. Injinta ma ɗumi yake ƙarawa. Taɓa shi bayan an kashe, za ka ji.

Abin da ke damuna shi ne asarar. Fankar sama mai cin watt 70, in guda 10 suka yi awa 10 suna juyawa, wutar kilowatt-awa 7 ta tafi. Wani kaso na wutarmu kuwa daga injinan gazuwal yake fitowa, kuma hayaƙinsu na carbon yana ƙara ɗumamar yanayi.

Gwada da kanka. Ajiye ma'aunin zafi a kan tebur, kunna fanka, rufe ƙofa da tagogi, ka dawo bayan awa 1. Lambar ba za ta sauka ba.

Don Allah a tura wa 'yan aji da malamai wannan bayani.