Wa zai biya kuɗin layin? Yadda dokar Amurka ke raba kuɗin dakon wutar iska da ta rana

Tashar gas ana iya gina ta a bakin gari. Injin iska kuwa sai an bi iskar inda take. A Amurka iska mai ƙarfi tana filayen tsakiyar ƙasa, irin su Iowa, Kansas, Oklahoma da Dakota, masu shan wutar kuma suna birane masu nisa. Dole a ja manyan layukan dako masu cin biliyoyin daloli, kuma kuɗin nan a takardar wutar jama'a yake fitowa, kaɗan-kaɗan, tsawon shekaru da dama. Rigimar ita ce: a takardar wa?

Abin da ya sa amsar ta yi wuya shi ne wuta ba ta bin kwangila. Da zarar an haɗa sabon layi da sauran, wutar sai ta rarrabu ta kowace hanya da ta samu, ta fi yawa inda waya ta fi ba ta sauƙin wucewa. Layin da aka ja don kai wutar iska wani birni zai iya rage cunkoso a layin maƙwabciyar jiha, ya sauƙaƙa mata farashi, ya cece ta ranar da tasharta ta lalace. Ba ta nema ba, amma ta amfana. In an ƙyale ta, ta ci bulus. In kuma aka ɗora wa wanda bai samu komai ba, an zalunce shi.

Tushen maganar shi ne Dokar Wutar Lantarki ta Tarayya ta 1935, wadda ta ce kuɗin dakon wuta tsakanin jihohi dole ya zama na adalci kuma mai ma'ana. FERC, hukumar tarayya mai kula da makamashi, ita ce ke sa ido a kai. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta saurari ƙarar hukumar kula da wuta ta jihar Illinois. A lokacin, yankin PJM, wato ƙungiyar da ke tafiyar da layukan dako na jihohi da dama a gabashin ƙasar har zuwa wani sashe na Illinois, yana raba kuɗin sababbin layuka masu ƙarfin kilobolt 500 zuwa sama ga kowa gwargwadon wutar da yake sha, alhali galibinsu a gabashin yankin ake gina su, nesa da Illinois. Kotu ta ce ba sai an lissafa amfani har zuwa dalar ƙarshe ba, amma dole a nuna hujja cewa abin da mutum ke biya ya yi kusa da abin da yake samu.

A kan wannan FERC ta gina Umarni mai lamba 1000 a watan Yulin 2011. Kowane yanki sai ya rubuta hanyar raba kuɗi tun kafin a zaɓi layin da za a gina. Wanda bai amfana ba, ba a tilasta masa. Ba a ɗora wa wani yanki kuɗi sai ya yarda. Lissafin kuma a fili za a yi shi, yadda kowa zai iya bincika. Akwai wani sharaɗi da ba a cika kula da shi ba: in yanki ya sa ma'aunin riba, wato ninki nawa amfanin layi zai kai na kuɗin gina shi, kada ya wuce 1.25 sai da amincewar hukumar. Wato layin dala miliyan 100 da zai kawo amfanin miliyan 125 ya haye ma'aunin. An sa wannan ne don kada a ɗaga sandar sama har a kashe duk wani aiki.

A aikace hanyoyi biyu ne ke gogayya. Ta farko ana kiranta tsarin kan sarki, domin kamar wasiƙa, kuɗi ɗaya ne ko kusa ko nesa. Tana da sauƙi, kuma tana sa a yi gini. Yankin MISO, takwaran PJM a tsakiyar ƙasar, ya yi amfani da ita ga ayyuka 17 da ya amince da su a 2011, kuma kotun nan ta Chicago ta tabbatar da hakan a 2013, saboda an baza ayyukan a faɗin yankin. Ta biyu ita ce a bi wutar da kwamfuta a ga wa ke amfani da layin da kashi nawa. Ta fi kama da adalci, sai dai lissafin yau ba na shekara goma masu zuwa ba ne: tasha ɗaya ta rufe, ko babbar masana'anta ta buɗe, hanyar wutar ta canza. PJM yanzu rabi da rabi yake yi ga manyan layukansa: rabin kuɗin ta hanyar farko, rabi ta hanya ta biyu.

Yankin SPP, wanda ya haɗa jihohi irin su Kansas da Oklahoma, yana raba kuɗin bisa ƙarfin layi tun 2010. Daga kilobolt 300 zuwa sama, duk yankin ke biya. Tsakanin 100 da 300, yanki ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, shiyyar da layin yake ta ɗauki biyu. Ƙasa da 100, na shiyya ne kaɗai. A ce an gina layi mai kilobolt 161 a kan dala miliyan 90: miliyan 30 a kan kowa, miliyan 60 a kan mutanen wurin. Inda abin ke ciwo shi ne shiyyar karkara mai iska da yawa da mutane kaɗan, wadda ke biyan kashi biyun nan ga layin da wutarsa ta wuce birni.

Akwai wata ɓarna a wajen masu neman haɗa sabuwar tasha. A tsohon tsari ana duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda shigarsa ta sa layi ya wuce ƙarfinsa shi ake miƙa wa kuɗin gyara gaba ɗaya. Sai ya janye, kuɗin ya faɗa kan na bayansa, a sake nazari daga farko. Umarnin FERC mai lamba 2023, na watan Yulin 2023, ya ce a duba su rukuni-rukuni, a raba kuɗin gwargwadon nauyin da kowa ya ɗora wa layin.

Umarni mai lamba 1920, na 13 ga Mayun 2024, ya faɗaɗa hangen. Sai a yi tsarin shekaru 20 gaba, a sabunta shi aƙalla duk shekara biyar, a gwada aƙalla yanayi uku. An lissafa amfani guda bakwai da dole a auna, ciki har da raguwar kuɗin samar da wuta, raguwar wutar da ke zubewa a waya, da jure tsananin sanyi ko zafi. Wannan yana da muhimmanci, don in amfani ɗaya kawai aka auna, masu amfana da yawa ba za su fito a lissafin ba.

Mark Christie, kwamishina a FERC a lokacin, ya ƙi amincewa da umarnin, yana ganin za a sa jihar da ba ta zaɓi manufar makamashi mai sabuntuwa ba ta biya wa wadda ta zaɓa. Ƙorafin yana da nauyi, kuma gyaran da aka yi a Nuwambar 2024 ya ƙara wa jihohi murya: suna da wata shida na tattaunawa, za su iya neman ƙarin shida, kuma in suka cimma matsaya dole a miƙa ta ga FERC ko da kamfanonin dako ba su so ba. Jihar da ke son layi don manufarta kaɗai tana da wata ƙofa kuma. New Jersey ta bi ta a 2022, ta ɗauki kuɗin layukan da za su karɓi wutar iskar teku a kan masu shan wutarta.